Ina Ne Gida?

A Zangon Agege, in mutum ya ce maka zai tafi gida, kada ka ɓata lokacinka kana jiransa a ƙofar ɗakin da yake kwana. Tashar jirgi za ka je, can za ka same shi da tabarma da buta yana jiran jirgin Arewa. Ɗakin da ya shekara talatin a ciki, ya yi aure a ciki, aka raɗa wa 'ya'yansa suna a ƙofarsa, wannan masauki ne kawai. Gida yana can inda dogo ya ƙare. Haka mutanen Zango suke magana tun ran da aka kafa shi, kuma babu wanda ya kai Maigida Sanda riƙe wannan magana da haƙori.

Sanda fatoma ne. Fataken goro in sun sauko daga Kano da Gusau da Nguru a wurinsa suke sauka, shi yake haɗa su da Yarabawa masu gonakin goro, shi yake tsayawa a ɗaure huhu a loda a taragu. Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, don da shi ya yi wasan ƙasa. Amma ka tambaye shi ko shi ɗan ina ne, sai ya gyara zaman hula ya ce maka Bakano. Sau ɗaya tak ya taɓa taka Kano, yana saurayi. Kwana goma sha tara ya yi yana neman dangin ubansa a wata unguwa bayan Dala, bai samu ko tsohuwa ɗaya da ta tuna sunan ba, 'yan kasuwa kuma suna ce masa Bayarabe saboda yadda yake jan magana. Wannan ɓangaren ba ya cikin labarin da yake bayarwa. Labarin da yake bayarwa na badala ne da fura mai sanyi.

Ubansa Iliyasu tsohon soja ne. Ya zo Ikko tun ba a shimfiɗa dogo ba, da ya ajiye bindiga ya gangaro Agege ya kama harkar goro, ya rasu a shekarar babbar mura. A maƙabartar Zango aka binne shi, gefen dogo ta yamma, gindin wani aduruku da shi ya dasa da hannunsa. Taku bakwai daga nan kabarin matar Sanda ne, Rahamatu, shekara shida ke nan da rasuwarta. Duk Juma'a in an sauko masallaci Sanda yana zuwa ya cire ciyawa, ya yi addu'a, ya ɗan zauna. A duk faɗin Kurmi nan ne kaɗai wurin da yake zama bai yi zancen komawa gida ba.

A shekarar 1955 siyasa ta shigo Agege da ganga da lasifika a kan mota. Aka ce za a zaɓi sabuwar majalisar gunduma mai kujera goma sha uku, kowace mazaɓa kujera ɗaya. Masu zana mazaɓu suka duba taswira, suka ga babu layin da ya kai na reluwe miƙewa, sai suka bi shi. Dogon kuwa ta tsakiyar Zango ya ratsa. Gabashinsa ya faɗa mazaɓa ta uku, inda Hausawa suka zama gishiri a cikin tafki. Yammacinsa ya faɗa ta huɗu. Masu zanen sun rantse ba su nufi kowa da komai ba. Mai yiwuwa ne, wuƙa ma ai ba da nufi take yanka ba.

Jam'iyya biyu ce a fili, mai alamar Tsani da mai alamar Fitila. 'Yan Tsani suka ce in sun ci za su gina tashar mota babba a filin nan na banza da ke gefen dogo, don manyan motoci sun fara ƙwace wa jirgi kaya, kuma gunduma tana son rabonta. Filin banzan shi ne maƙabartar Zango. 'Yan Fitila suka ce su ba za su taɓa ta ba. Ba don sun fi tsoron Allah ba, ƙuri'ar Zango suke so, kuma Zango ta san haka, amma mai neman tsallake rafi ba ya tambayar asalin mai kwalekwale. Masu lissafin siyasa suka zauna suka ga kowace jam'iyya tana da kujera shida da babu mai ƙwace mata. Saura ta huɗu. Wanda ya ci ta huɗu shi ya ci majalisa, kuma shi zai ce a haƙa ko a bari.

Zango ta tsayar da Ɗahiru a ƙarƙashin Fitila. Akawun awo ne a tashar jirgi, ya yi makaranta, yana jin Turanci, kuma ɗan Larai ne, yayar Sanda mai tuwon sayarwa a bakin tasha. Aka ƙirga magidanta da samari na yammacin dogo aka samu ɗari biyar da ɗoriya. Duk sauran mazaɓar ba su kai ɗari bakwai ba, kuma a cikinsu akwai Yarabawa Musulmi da nasu iyayen ma suke kwance a wannan maƙabarta. Sanda ya ji lissafin ya yi dariya, ya ce wannan ai ba zaɓe ba ne, naɗi ne.

Sai ranar rajista ta zo. Aka kafa tebur a inuwar mangwaron makaranta, aka zaunar da wani akawu Bayarabe mai gilashi, Adisa, wanda ba ya jin ko sannu da Hausa. Doka ta hana ɗan takara zama kusa da teburin, don haka Ɗahiru yana can wurin aikinsa. Aka ce ana bukatar tafinta. Gaskiya rabin mutanen da ke layin suna jin Yarabanci fiye da yadda suke jin karatun sallah, amma tun da safe Sanda ya bi layi yana ja musu kunne.

"Kada in ji wani ya yi Yarabanci a gaban teburin nan," in ji shi. "A san mu mutane ne masu asali. Ba daga sama muka faɗo ba."

Ya sa babbar rigarsa ta shuɗi, aka kawo masa kujera gefen akawu. Tambayoyin ba su da yawa: suna, shekaru, takardar haraji, sai ta ƙarshe. Adisa ya ce da Yarabanci a tambayi mutum ina gidansa yake. Sanda ya juya ga na farko a layi, wani tsoho mai ɗinkin huhu da ya shekara arba'in a Agege.

"Ina ne gida?"

"Bici," in ji tsohon, har da dafa ƙirji.

Adisa ya ɗaga kai ya dubi Sanda, ya nemi a maimaita. Sanda ya maimaita masa a hankali, har ya taya shi harhaɗa baƙaƙen. Akawun ya ɗaga kafaɗa ya rubuta. Shi an ce ya rubuta abin da aka faɗa masa, ba a ce ya yi gardama da dattawa ba.

Haka aka yini. Gumel, Kazaure, Zazzau, Katsina, Haɗeja, Gwarzo. Samarin da ba su taɓa wuce Abekuta ba suna faɗin Daura da ƙarfi, suna waiwayen iyayensu su ga ko an ji. Sanda yana zaune yana jin sunayen garuruwan nan suna zuba a kunnensa, ransa ya yi fari tas. Rabon da ya ji daɗi irin na ranar tun sunan ɗansa na fari. Da aka zo kansa bai jira tambaya ba, ya ce a rubuta Kano, bayan Dala.

Wajen la'asar sai ga Larai ta kutso cikin maza, da takardar harajinta ƙulle a bakin gyale.

"Yaya, me ya kawo ki nan?" Sanda ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Abin da ya kawo su. Tuwo nake sayarwa, haraji nake biya, an ce mai biya yana da ƙuri'a. Yi tambayarka."

Ya yi tambayar suna da ta shekaru yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Ina ne gida?"

Ta dube shi sama da ƙasa, irin kallon da take masa tun yana yawo ba wando. "Ga shi can, mai ƙofar langa-langa. Inda Inno uwarmu ta binne cibiyarka a gindin gwanda, ina tsaye ina riƙe mata fitila." Ta juya ga akawun da kanta. "Agege ni o, oga. Rubuta."

Maza suka yi dariya, Sanda ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Bayanta wasu mahauta da 'yan dako su ma suka ce Agege, irin waɗanda Zango take ce wa ɓatattu don sun auri Yarabawa ko suna cin amala a fili. Sanda ya fassara nasu da kyar, kamar mai tauna maɗaci.

Bayan mako biyu Ɗahiru ya shigo zauren kawunsa da rana tsaka, bai ko cire hular aiki ba. Ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya saba, da takarda a hannunsa.

"Kawu, me ka tambaye su ranar rajista?"

"Abin da aka ce in tambaya."

"Da wace kalma?"

Sanda ya faɗa masa. Ɗahiru ya cire hular ya ajiye. Sannan ya yi masa bayani. Dokar zaɓe ta ce mai ƙuri'a shi ne mazaunin mazaɓa wanda nan ne gidansa. Lauyan 'yan Tsani ya ɗauki rajistar ya karanta, ya ga mutum ɗari huɗu da arba'in da bakwai sun faɗa da bakinsu cewa gidansu yana Arewa, ya shigar da ƙara a soke su, su je can su jefa. Jibi jami'in duba rajista zai zauna a makaranta ya saurari maganar.

"To ai kowa ya san nan muke," in ji Sanda.

"Kowa ya sani, Kawu, amma takarda ba ta sani ba. Abin da ka ba ta shi ta riƙe." Ya matso. "Akwai gyara. Ba za su iya jin mutum ɗari huɗu ɗaya bayan ɗaya ba. Kai ne tafinta, kai ne babba, kai za su kira. Ka ce musu in Bahaushe ya ce gida, asalin kakanninsa yake nufi. Ka ce Agege ne gidanmu, ba mu da wani. Magana ɗaya ce. Don Allah, Kawu, don darajar wanda ke gindin adurukun nan."

Sanda ya ce ya ji. Kuma da gaske ya yi niyyar faɗa, wannan kam a yi masa adalci.

Sai dai a makon akwai baƙi a gidansa, ayarin fatake daga Kano, madugunsu Ƙasimu, mutum mai faɗin ciki da son zolaya, wanda shekara goma sha biyar a wurin Sanda yake sauka. Washegari suna cin abincin rana kwano ɗaya, Ƙasimu ya lashe yatsa ya ce, "Maigida, ashe gobe za ka musulunta cikin Yarabawa a gaban Nasara? In an gama sai mu san sunan da za mu riƙa kiranka, ko Baba Sanda Alagege." Yaransa suka bushe da dariya. Sanda ma ya yi dariyar yaƙe. Ƙasimu wasa yake yi, ya manta da maganar kafin ya wanke hannu. Sanda bai manta ba.

Ranar zaman, ɗakin makaranta ya cika har taga. Jami'in wani Bature ne mai jan wuya da zafi ya gallabe shi, yana fifita da rajistar kanta. Ƙasimu da mutanensa sun zo kallo, aka ba su benci na gaba don baƙi ne. Larai tana tsaye a bakin ƙofa.

Lauyan 'yan Tsani bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya rusuna wa Sanda, ya kira shi Baba, ya yi masa magana da Yarabanci mai daɗi. Sanda ya yi bayanin da Ɗahiru ya koya masa, ya ce gida a bakin Bahaushe asali ne. Baturen ya gyaɗa kai, da alama yana son a gama ya tafi. Lauyan ma ya gyaɗa kai, ya ce shi ya gamsu, abu ɗaya ya rage. Tunda Baba zai yi magana da yawun mutum ɗari huɗu, a kawo Alƙur'ani ya dafa, ya ce ba shi da wani gida sai Agege, kuma ba shi da niyyar komawa ko'ina.

Aka aika masallaci, ladan ya kawo shi naɗe a cikin gafaka. Sanda yana da alwala, bai da hanyar zillewa ta nan. Aka ajiye a gabansa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara arba'in Sanda yana cewa in Allah ya yarda baɗi zai tattara ya koma gida. Ya faɗa a bikin aure, ya faɗa a zaman makoki, ya faɗa wa Rahamatu tana kan gadon ajali cewa da ta warke za su tafi. Yanzu an ce ya dafa Littafi ya ce ba shi da wannan niyya. Shin yana da ita ko ba shi da ita? Shi kansa bai taɓa tambayar kansa ba, don magana ce da ake faɗa kamar yadda ake cewa sai gobe. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a sama. Tsoron rantsuwa ya kama shi, wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya san nauyin Alƙur'ani ba zai yi masa dariya ba. Amma ba shi kaɗai ba ne. Ta gefen ido ya hango Ƙasimu ya harɗe hannuwa a kan tumbi yana murmushi, sai ya ji muryar 'yan kasuwar Kano ta shekara talatin da biyar baya tana ce masa Bayarabe.

"Kawu," Ɗahiru ya faɗa a hankali daga bayansa.

Sanda ya janye hannunsa ya sa cikin riga.

"Ba zan rantse a kan ba ni da niyyar komawa gida ba," in ji shi. Da Hausa ya faɗa, kuma da ya ga Baturen yana jira, shi da kansa ya juya maganar zuwa Yarabanci don lauya ya kai ta Turanci.

Wasu dattawan Zango suka yi gyaran murya irin ta yabo. Har wani ya ce namiji. Baturen ya ja layi a takarda, ya duba agogo. Da Sanda ya juyo, bakin ƙofa babu Larai.

Mutum ɗari huɗu da arba'in da bakwai aka soke. Abin da ya rage wa Zango a rajistar mazaɓa ta huɗu sittin da takwas ne: mahautan nan, 'yan dakon nan, da mace ɗaya. Waɗanda aka raina su suka zama su ne Zango a idon hukuma.

Ɗahiru bai janye ba. Ya bi gidajen Yarabawa ɗaya bayan ɗaya, yana cire takalmi a ƙofa, yana tuna musu iyayensu da ke gefen dogo. Larai ta rufe tukunyar tuwo kwana tara tana bin matan kasuwa. Ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne, sai dai ta ce a taimaki yaron nan. Sanda ya aika da kuɗin mota da goro huhu guda a raba, Ɗahiru ya karɓa ya yi godiya ta bakin ɗan aike. Bai sake shiga zauren ba.

Ranar zaɓe Sanda ya sa rigar shuɗin nan ya tafi makaranta, ko me yake tsammani oho. An kewaye wani lungu da zana, a ciki akwai akwati biyu, ɗaya da hoton tsani ɗaya da hoton fitila, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa a wanda yake so. Adisa ne a bakin teburin. Ya gane shi, ya miƙe tsaye don girmamawa, ya bi rajista da yatsa har ƙasa ko da yake ya san abin da zai tarar.

"Baba, e ma binu," in ji shi, wato kada ya yi fushi. "Sunanku yana Kano."

Ba gatse ya yi ba, da ladabi ya faɗa, kuma wannan ya fi ciwo. Sanda ya koma gefe ya tsaya a rana tare da sauran masu asali, ɗaruruwansu, suna kallon mahauta suna shiga bayan zana ɗaya-ɗaya suna fitowa.

Washegari da hantsi aka karanta sakamako daga barandar makaranta. Mazaɓa ta uku Tsani, kamar yadda kowa ya sani. Da aka zo ta huɗu mai karantawa ya gyara gilashi. Tsani ɗari uku da sittin da ɗaya. Fitila ɗari uku da talatin da takwas.

Ashirin da uku. Yarabawa ɗari biyu da saba'in sun tsaya wa maƙabartar Zango, Zango kuwa tana tsaye a rana da hannu cikin riga. Ko layi ɗaya na masallacin Juma'a da an bar shi ya jefa, da an wuce wurin. Gangunan 'yan Tsani suka tashi. Majalisa ta zama bakwai da shida, kuma a zamanta na biyu ta amince da tashar mota.

Dattawan da suka ce namiji a ɗakin makaranta su ne suka fara cewa ai tun farko Sanda ne ya yi tafinta. Baki shi ke yanka wuya, in ji su, kamar ba da nasu bakin suka ce Gumel da Kazaure ba. Ƙasimu kuwa tuni ya loda goronsa ya hau jirgi, da aka ba shi labari a zuwansa na gaba ya ce Allah ya kyauta, ya tambayi farashin huhu.

Aka ba da kwana arba'in, duk mai mamaci ya kwashe nasa zuwa wani sabon fili a dajin Abule Egba. Malamai suka yi ta saɓani a kan halaccin haka, amma da aka ga motar rusau ta iso an ajiye ta a bakin dogo, saɓanin ya ƙare. Sanda ya sayi sabon likkafani biyu. Aka tona na Rahamatu aka samu abin da aka samu, aka naɗe, ya sa hannu aka ɗora a amalanke. Sannan aka koma gindin aduruku.

Masu haƙa suka yi zurfin gaba guda, suka kai gaba biyu, suka faɗaɗa hagu da dama. Babu komai. Shekara talatin da bakwai a ƙasar Kurmi mai ruwa, ga saiwar aduruku ta ratsa ko'ina. Jar ƙasa ce kawai, mai laushi, irin wadda ke ko'ina a Agege. Sanda ya sauka ramin da kansa da rigarsa, ya durƙusa yana tona da yatsu.

Larai tana tsaye daga nesa inda mata ke tsayawa. Rabon da ta yi masa magana tun ranar da ya ƙi rantsuwa a makaranta. Da ta ga ya daɗe, ta matso har bakin ramin, ba wanda ya hana ta.

"Fito, Sanda," ta ce. "Baba ba ya tashi. Shi ya riga ya amsa tambayarka."

Ya fito da likkafanin a hannu, fari fes, ba a sa masa komai ba. Ya rasa inda zai kai shi, ya tafi da shi masauki ya sa a ƙasan akwati.

Kafin damina ta zagayo an sare adurukun, an zuba tsakuwa, an daddaɓe. Tasha ta yi kyau, ba a hana ta ba. Ɗahiru ya nemi canjin wurin aiki aka mai da shi Apapa, yana zuwa gaida uwarsa ran Lahadi, in ya haɗu da kawunsa a hanya ya durƙusa ya gaishe shi ya wuce. Fatake suka fara barin jirgi suna loda goro a mota, don haka dole Sanda ya riƙa shiga tashar yana tsayawa a kan lodi. Ya san wurin kabarin ubansa sarai. Taku goma sha biyu daga sandar waya ta uku, inda yanzu motocin Arewa suke jeruwa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ƙafarsa ta kai shi can, kamar yadda ta saba kai shi shekara da shekaru. Ba shi da lodi ranar. Ya ƙirga takunsa daga sandar waya ya tsaya. Akwai wata mota mai katako da ake cikawa, wani ɗan kamasho ƙato, baƙo a garin, yana tsaye daidai wurin yana buga jikin motar yana kiran Zariya da Kano. Ya ga dattijo da rigar shuɗi da carbi ya tsaya yana kallon ƙasa, ya ga alamar fasinja.

"Baba, gida za a je? Saura mutum biyu mu tashi."

Sanda ya dube shi, ya dubi takalman robar da ke ƙafarsa, da baƙin man mota da ya jiƙe tsakuwar.

"Ɗan matsa kaɗan, ɗana," in ji shi. "A kansa kake tsaye."